Ciwon PCOS: iyakar shaidar da ɓera zai iya bayarwa a kan matan Satwa

Unguwar Satwa tana kwance ne tsakanin dogayen benayen titin Sheikh Zayed da gidajen masu hali na Jumeira, kuma tana cikin 'yan wuraren da suka rage a tsakiyar Dubai inda mai ƙaramin albashi zai samu wurin sa haƙarƙari. Layukanta cike suke da teloli da masu sayar da yadi, ga gidajen abinci na 'yan Pakistan irin su Ravi da ke nan tun 1978, ga kantunan 'yan Filifin, ga ɗakunan haya da ake biya gado-gado, mutane da yawa a ɗaki guda. Matan da ke kwana a nan su ne ke tsaye a kantunan manyan kasuwannin birnin, su ne ke gyaran gashi da farce, su ne ke share otal, wasu kuma ma'aikatan jinya ne. Galibinsu suna cikin shekarun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na mata masu irin waɗannan shekaru suna da ciwon da likitoci ke kira PCOS, kuma har kashi 70 na masu shi ba a taɓa gano musu shi ba. Ke nan duk bas ɗin da ta tashi daga tashar Satwa da asuba cike da mata, da wuya a rasa mai shi a ciki: wadda al'adarta ke ɗaukewa wata uku, wadda ke tsige gashin haɓa a ɓoye, wadda ta daɗe da aure ba ko ɓatan wata, dangin miji can gida sun fara ƙananan maganganu.

Idan irin wannan mace ta ɗauki waya da dare tana neman mafita, abin da za ta fara cin karo da shi talla ce: garin kirfa, hulba, ganyen na'a-na'a, zogale, ko wata ƙwaya cikin kyakkyawar kwalba, an rubuta a ƙasa cewa bincike ya tabbatar. 'Yar'uwarta da ke Kano ko Maraɗi ita ma irin tallar take gani, sai dai da Hausa. Wanda ya bi sawun binciken da ake nufi, sau da yawa zai tarar babu mace ko ɗaya a cikinsa, ɓeraye ne 'yan kaɗan a keji. Ba cewa nake binciken dabbobi ƙarya ba ne. Ra'ayina shi ne ɓera mashaidi ne nagari a kan tambaya guda, wato ta wace hanya ciwon ke iya somawa a jiki, amma ba shi da bakin magana a kan tambayar da ta fi damun matan Satwa, wato me zan sha in samu sauƙi. Haɗa waɗannan tambayoyi biyu wuri guda shi ne ke cin kuɗin talakawa, kuma shi ne ke ba masu riƙe da kuɗin bincike uzurin ƙin duba matan su kansu.

A 1935 ne wasu likitoci biyu a birnin Cikago, Irving Stein da Michael Leventhal, suka ba da bayanin mata bakwai da al'ada ta ɗauke musu, gidajen ƙwansu sun kumbura da ƙananan ƙulle-ƙulle. Suka yanke wani yanki na gidan ƙwan, al'ada ta dawo wa dukkansu, biyu suka yi ciki. Ƙulle-ƙullen nan ba ƙari ba ne, ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya a hanya, babu wanda ya nuna balle ya fito. A 1980 aka gano cewa masu ciwon suna da sinadarin insulin mai yawa a jini, wanda ya bayyana dalilin da ya sa ciwon suga ke bin su. A taron Rotterdam na 2003 masana suka amince a kan alamomi uku: rashin fitar ƙwai a kan lokaci, yawan sinadarin maza a jiki, da kamannin gidan ƙwai a hoton sikanin. Duk macen da ta haɗa biyu daga ciki, bayan an kawar da zargin wasu cututtuka, tana da shi. Wannan ya sa ciwon ya rabu gida huɗu, kuma za a iya samun siririyar mace mai ƙuraje da wata mai jiki da baƙin wuya, duk sunan ciwonsu ɗaya. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Holan a 2006 ya nuna gado ne ke ɗauke da wajen kashi 70 cikin 100 na dalilin. A lura da kyau: duk waɗannan ginshiƙai daga jikin mata aka samo su.

Ɓera kuwa ba ya kamuwa da wannan ciwo da kansa, sai an sa masa. Halittarsa ma daban take. Macen ɓera ba ta jinin al'ada, zagayenta kwana huɗu ne zuwa biyar, kuma a kowane zagaye ƙwai wajen goma take saki, alhali 'yar Adam guda ɗaya take saki a wata. Ƙwayayen jaririyar mutum suna gama tsaruwa tun tana ciki, na ɓera sai an haife ta. Don haka masu bincike suka ɓullo da dabaru. Charles Barraclough ya nuna a 1961 cewa allurar testosteron, wato sinadarin maza, guda ɗaya ga 'yar ɓera mai kwana biyar tana hana ta haihuwa har ta mutu. Wasu suna dasa wa ɓera sinadarin maza a ƙarƙashin fata, wasu suna yi mata allurar sinadarin mata, wasu suna barinta cikin hasken fitila dare da rana har zagayenta ya rikice. Amma dabarar da ta fi yaɗuwa a jami'o'in Indiya da Iran da Masar da Najeriya ita ce wadda Hasan Kafali da abokan aikinsa na Jami'ar Harran da ke Turkiyya suka wallafa a 2004. Kowace safiya ɗalibi zai kama ɓera ta fatar wuya, ya zura mata siririn bututu ta baki, ya ɗura mata maganin da ake kira letrozol, miligiram ɗaya ga kowane kilo na nauyinta. Sannan ya ɗauki ɗan ruwan gabanta ya shafa a gilashi ya duba a madubin likita, ya rubuta a wane mataki na zagaye take. Haka kullum har kwana 21. A ƙarshe zagaye ya tsaya cik, testosteron ya hau, ta yi ƙiba, kuma idan aka yanka gidan ƙwanta filla-filla za a ga ramuka masu kama da na mace mai PCOS. Aiki ne mai arha da sauri, shi ya sa ya samu karɓuwa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan letrozol ɗin da ke sa wa ɓera ciwon, shi ne maganin da ya fi kowane taimaka wa mace mai ciwon ta samu ciki. Asalinsa maganin sankarar mama ne, kuma aikinsa shi ne toshe hanyar da jiki ke bi ya mayar da sinadarin maza ya zama na mata. A 2001 Mohamed Mitwally da Robert Casper a Toronto suka gwada ba da shi na kwana biyar kacal a farkon zagaye. Sinadarin mata ya ɗan sauka, ƙwaƙwalwa ta ji, ta aiko da umarnin a girmar da ƙwai, maganin ya fita daga jini, ƙwai ya nuna ya fito. A 2014 Richard Legro da tawagarsa a Amurka suka gwada shi a kan mata 750: kashi 27.5 na waɗanda suka sha letrozol sun haifi ɗa mai rai, waɗanda suka sha tsohon magani kilomifen kuwa kashi 19.1. Tun daga 2018 ƙa'idojin duniya na kula da ciwon suka sa shi a sahun gaba. Magani ɗaya, ya hana ɓera ƙwai, ya ba mace ƙwai. Bambancin yana cikin yawan maganin da tsawon kwanakin da kuma jikin da ya shiga, domin gwargwadon nauyi, abin da ake ɗura wa ɓera ya ninka abin da mace ke farawa da shi fiye da sau ashirin, kuma ba a ba ta hutu. Da a ce wani ya karanta takardar Kafali kaɗai ya yanke hukunci, da ya ce letrozol guba ne ga mai neman haihuwa. Tsoro makamancin wannan, wanda ya samo asali daga wani ɗan rahoto na 2005 a Kanada a kan lafiyar jarirai, shi ya kai Indiya ga hana amfani da maganin wajen neman haihuwa a 2011, sai a 2017 ta janye hanin. Fiye da shekara biyar ke nan 'yan'uwan matan Indiya da ke cika Satwa suna rasa maganin da ya fi yi musu aiki, saboda an gina hukunci a kan shaida mara ƙarfi.

Yanzu sai a dubi yadda ake gwada ganye. Bayan kwana 21, a daina letrozol, a raba ɓerayen rukuni-rukuni, a ba wasu ruwan zogale ko hulba ko kirfa, a ba wasu maganin suga metfomin, a bar wasu haka. Bayan 'yan makonni a yanka a duba, a rubuta cewa ganye kaza ya gyara gidan ƙwai. Ko da an yi aikin da gaskiya da tsafta, abin da aka nuna shi ne ganyen ya taimaki lafiyayyar dabba ta farfaɗo daga maganin da aka ɗura mata. Kuma ko ba ganyen, tana kan hanyar farfaɗowa: masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun nuna a 2019 cewa da aka cire wa ɓeraye letrozol, zagayensu da sauran alamomin sun koma daidai da kansu. Mace mai PCOS babu wani abin da aka ɗura mata da za a daina. Ita ta gaji nata, ya fara tun balaga ko kafin nan, kuma yana tare da ita har bayan ta daina al'ada. Kama da wane ba ta wane. Shayin na'a-na'a yana cikin 'yan ganyayen da suka samu aka gwada su a kan mata yadda ya kamata. A Ingila, a wani gwaji da aka wallafa a 2010, mata 42 sun shiga, rabi suna shan shayin sau biyu a rana har kwana 30. Testosteron ya ragu a jininsu, sun ce suna jin gashi ya ragu, amma da likita ya auna gashin bai ga bambancin kirki ba. Wannan sakamako ne na gaskiya, mai ɗan alfanu, mai iyaka, kuma ba shi ne ake rubutawa a jikin kwalba ba. Ban raina ganye ba, domin metfomin kansa daga wani tsiro aka samo asalinsa. Sai dai shi ma metfomin, bayan ƙananan gwaje-gwaje sun ɗaga shi sama, da aka gwada shi a kan mata 626 a 2007, kashi 7.2 kawai suka haihu da shi kaɗai, alhali kilomifen ya ba da kashi 22.5. In ƙaramin gwaji a kan mata yana iya ruɗi haka, ina ga na ɓera?

Dubai da kanta tana da darasi a kan wannan, a wurin da ba a zata ba. Saboda tseren raƙuma, birnin ya zuba dukiya wajen sanin haihuwar taguwa, kuma a Cibiyar Haihuwar Raƙuma ta Dubai ne aka haifi Injaz ranar 8 ga Afrilu 2009, taguwa ta farko a duniya da aka kwafa daga ƙwayar halittar wata. Masana irin su Lulu Skidmore sun shafe shekaru suna duba gidan ƙwan taguwa da sikanin. Taguwa ba ta sakin ƙwai sai an yi mata barbara, kuma in ba a yi ba, jakar ƙwan takan ci gaba da kumbura ta zama ƙatuwa ba tare da ta fashe ba. Shanun madara ma suna yin ƙulli a gidan ƙwai bayan haihuwa, likitocin dabbobi sun san shi sarai. Amma babu masanin da zai ce taguwa ko saniya tana da PCOS. Hoton gidan ƙwai mai ƙulle-ƙulle hanyoyi da dama ne ke kaiwa gare shi, kuma samar da hoton ba samar da ciwon ba ne. Mata masu lafiya ƙalau da yawa, musamman 'yan mata, suna da irin hoton nan, shi ya sa ƙa'idojin duniya suka hana dogara da sikanin a shekarun farko bayan fara al'ada.

Mai karatu zai iya cewa: in haka ne, a saki ɓerayen mana, a huta. A nan ne nake rabuwa da masu wannan ra'ayi, domin akwai tambayoyin da ba za a taɓa yi wa mace ba. Babu mai hankalin da zai yi wa mai ciki allurar sinadarin maza don ya ga abin da 'yarta za ta zama bayan shekara ashirin. A cibiyar binciken birai ta Wisconsin, David Abbott ya bi rayuwar birai mata da aka ba uwayensu testosteron suna ɗauke da cikinsu. Macen biri irin wannan tana al'ada kusan kowane kwana 28 kamar mutum, ƙwai ɗaya take saki. Da suka girma sai ga rikicewar al'ada, ga yawan sinadarin maza, ga kitsen ciki, ga matsalar insulin. A Jami'ar Michigan, Vasantha Padmanabhan ta yi irin wannan da tumaki, tana yi wa tunkiya allura daga kwana na 30 zuwa na 90 na cikinta mai kwana 147, 'ya'yan suka taso da alamomi makamanta. A Sidni ta Ostireliya, Kirsty Walters da abokan aikinta suka cire wa wasu ɓeraye ƙofar da sinadarin maza ke shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wasu kuma suka cire musu ta wasu ƙwayoyin gidan ƙwai. Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna waɗanda aka rufe wa ƙofar ƙwaƙwalwa ne suka tsira daga mafi yawan alamomin. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa ciwon da aka shekara tamanin ana ɗora wa gidan ƙwai laifinsa, babban kasonsa daga kai yake saukowa. A 2018 Paolo Giacobini a birnin Lille na Faransa ya lura cewa mata masu ciwon suna da sinadarin AMH mai yawa a lokacin goyon ciki, ya yi wa ɓeraye masu ciki allurarsa, 'ya'yansu mata suka taso da alamomin. A 2019 tawagar Elisabet Stener-Victorin ta cibiyar Karolinska ta duba rajistar asibitocin Suwidin ta ga 'ya'ya mata na masu ciwon sun ninka sauran sau biyar wajen samunsa, sannan ta nuna a ɓeraye cewa tasirin na iya kaiwa har tattaɓa-kunne. Abin da ya haɗa mafi ƙarfin waɗannan ayyuka shi ne tambayar daga jikin mata ta taso, aka kai wa dabba don ta bayyana hanya, sannan aka komo wurin mata a tabbatar. Kuma ko a nan akwai iyaka, domin mai binciken ne ya zaɓi dalilin da hannunsa kafin ya fara. Ya nuna abu na iya faruwa ta wannan hanya, bai nuna cewa ta nan ya faru ga kowace mace ba.

Akwai kuma masu ƙin abin saboda tausayin dabba, kuma ƙorafinsu yana da nauyi. Musulmi ya taso da sanin cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare, an kuma gafarta wa wanda ya shayar da kare. Tun 1959 William Russell da Rex Burch a Ingila suka shimfiɗa sharuɗɗa uku: a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. A Disambar 2022 Amurka ta cire wajibcin gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin mutum. Duk da haka, ƙwayoyin halitta a cikin faranti ba su da ƙwaƙwalwa da hanta da kitse da gidan ƙwai masu magana da juna, kuma PCOS ciwo ne na lalacewar wannan magana. Saboda haka dabba tana da sauran aiki. Amma wannan hujjar ita ce kuma ke hukunta gwajin da aka yi don kawai a samu takardar kammala karatu ko ƙarin girma. Ran da aka ɗauka don amsa tambayar da babu wata hanyar amsa ta yana da uzuri. Wanda aka ɗauka don maimaita gwajin ganye na ɗari, wanda kowa ya san ba za a taɓa kai shi ga mace ba, ba shi da shi.

Misali mafi kusa da Bahaushe na tafiya daga ɓera zuwa mace ya zo a Yunin 2024, lokacin da masana na Jami'ar Fudan da ke Shanghai suka wallafa a mujallar Science cewa dangin atimisinin, wato tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da ke kowane kemis a Arewa, suna rage sinadarin maza a ɓeraye, har suka gano takamaiman inda maganin ke kamawa a gidan ƙwai. Ba su tsaya nan ba, suka ba mata 19 maganin har mako 12, al'adar 12 daga cikinsu ta daidaita. Aiki ne mai kyau, an bi mataki bayan mataki. Amma mata 19 ne, babu rukunin da aka ba ƙwayar da ba komai cikinta don a kwatanta, kuma ba a auna haihuwa ba. Ga Shanghai wannan mafari ne. Ga Kano da Zariya haɗari ne in labarin ya faɗa hannun masu talla, domin Najeriya ce ke ɗauke da wajen rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya, tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira a daina shan atimisinin shi kaɗai, kuma an riga an ga ƙwayar cutar ta fara jure masa a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Mata su riƙa shansa wata uku-uku ba da likita ba, wai don neman haihuwa, yana iya dusashe kaifin maganin da ke ceton 'ya'yan da ake nema ɗin.

Babban giɓin dai ba a keji yake ba. Da yawa daga ɓerayen ɗakin gwaji an yi ta haɗa su aure da juna ne har suka zama kusan jini ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya, cikin sanyi iri ɗaya. Matan Satwa kuwa daga Kerala suke da Lahore da Manila da Kampala da Legas, kuma an san ciwon ba ya kama su iri ɗaya. A 2002 Chandrika Wijeyaratne da Adam Balen sun kwatanta matan kudancin Asiya da Turawa masu ciwon a birnin Leeds, suka ga na Asiya suna zuwa asibiti da ƙarancin shekaru, gashi ya fi yi musu yawa, insulin ya fi ƙin aiki a jikinsu. Manyan binciken gado kuwa, na 2011 a kan 'yan Sin aka yi shi, na 2018 mai masu ciwon fiye da 10,000 kuma a kan jinin Turawa. 'Yar Afirka kusan ba ta cikin lissafin, alhali ma'aunin gashi da na ƙiba da ake yanke mata hukunci da su ba a jikinta aka tsara su ba. Telan Satwa ko ya kai ƙarshen gwaninta, ba zai yanka yadi a kan awon wata ya ce wa mai kaya rigarki ce ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Dubai ke cikinta, ta ƙaddamar da shirin tattara ƙwayoyin gadon 'yan ƙasa a 2019, abin a yaba, amma kusan mutum tara cikin goma na mazaunanta baƙi ne. Dokar Dubai mai lamba 11 ta 2013 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, sai dai mafi ƙanƙantar inshorar, wadda masu ƙaramin albashi ke riƙe da ita, ba ta biyan maganin rashin haihuwa. Mace mara aure kuwa sau da yawa ba ta ma san cewa daɗewar ɗaukewar al'ada na ƙara haɗarin sankarar mahaifa ba, ko kuma cewa ya kamata a auna mata suga.

Za a ce baƙi ba mazauna ba ne, yau suna nan gobe bizarsu ta ƙare, bin su shekara da shekaru ba zai yiwu ba, kuma ɓera ya fi arha. Arha dai ya fi, amma arhar abin da ba ya amsa tambaya asara ce. Da yawa daga matan nan suna shekara goma ko fiye a birnin, kowace tana da waya, kuma ba kowane bincike ne ke buƙatar shekara ashirin ba. Dubai tana da Jami'ar Likitanci ta Mohammed bin Rashid tun 2016, tana da Gidauniyar Al Jalila mai ba da kuɗin binciken lafiya tun 2013, kuma tun 2023 ƙa'idojin duniya suka yarda a yi amfani da awon AMH na jini a madadin sikanin ga manyan mata, wanda ya sauƙaƙa aikin ga masu jin kunyar a duba su. Abin da ake buƙata shi ne a tara mata dubu biyu ko uku daga unguwanni irin su Satwa da Deira da Karama, bisa yardarsu, a rubuta tarihin al'adarsu, a auna ƙugunsu da sugansu da sinadaransu, a tambayi lokutan aikinsu da barcinsu da abincinsu. Sharaɗi guda ne ba a wasa da shi: kada sakamakon ya kusanci mai gidan aiki ko ofishin biza, domin macen da ke tsoron a sallame ta ba za ta faɗi gaskiyar jikinta ba, kuma tana da hujja.

Daga irin wannan aiki ne tambayoyi masu amfani ga ɗakin gwaji za su fito. An daɗe da sanin cewa ɓeran da aka hana duhu zagayenta na rikicewa, kuma Dubai birni ne da dubban mata ke aikin dare a otal da filin jirgi da asibiti, su kwana da rana a ɗakin da wasu ke shiga da fita. Idan ƙidaya ta nuna masu aikin dare sun fi fama da rikicewar al'ada ko taurin insulin, lokacin ne ya dace a koma wa ɓera da tambayar ta wace hanya haske ke taɓa ƙwaƙwalwa har ya kai gidan ƙwai, da kuma ko sauya jadawalin aiki zai gyara. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna iya yin irin wannan ƙidaya da kuɗin da bai kai na Dubai ba, domin matan suna zuwa ɗakin likitan mata kowane mako da ƙafarsu. Ɗalibin da aka saba tura shi ya sayo ɓeraye da letrozol, ana iya ba shi awon ƙugu da takardar tambayoyi da kwalaben ɗibar jini, ƙarƙashin kulawar likita da kwamitin ɗa'a, ya fito da adadin da har yau masu tsara lafiyar matan Arewa ke buƙata.